Ranar da na kai ƴan ajina wajen akuyar Hajiya

Yaran da nike koyarwa a jardan ɗin unguwarmu nan Maradi ƴan shekara huɗu zuwa biyar ne, kuma tun kafin in zo akwai wani babban hoto manne a bango, zaki da giwa da damisa da biri. Wata biyu cur ina nunawa da sanda suna amsa sunayen da Faransanci baki ɗaya har ajin ya ɗauka, amma in na ware yaro guda na ce to gaya min mi zaki ke ci, sai ya sunkuyar da kai ya yi tsit. Walle abin ya tsaya min a rai, don na san waɗannan ɗiyan a gida bakinsu ba ya mutuwa.

Sai Allah ya sa jar akuyar wata Hajiya da ke bayan lakwal ta haifi tagwaye. Na tahi na gaishe ta na ce Hajiya don Allah ki bari in kawo ɗiyanki su gani, ta ce haba ɗiyata, kawo su mana, ai gidansu ne.

Muna shiga, wata yarinya da tun shigowarta ban taɓa jin muryarta ba ta ja min zane ta ce "Madan dubi ƙaramin can bai iya tsayuwa ba, ƙafarshi rawa take." Jimla guda cikakkiya, ba wanda ya tambaye ta. Daga nan fa baki ya buɗe, wanga na cewa uwar na lasar shi, wancan na cewa tasu akuyar ta fi wagga girma, ni dai na tsaya ina jefa musu kalma duk inda na ga suna lalube. Turke, igiya, hantsa, kofato, dusa, harawa. Wani ya nuna na can gefe ya ce ga babbar akuya, Hajiya ta ce a'a jikana wancan bunsuru ne, matso ka ji warinshi, ya matsa ya toshe hanci ya dawo da gudu, kuma har yau bai sake haɗa bunsuru da akuya ba. Wani yaron kuma ya tambaye ni don mi take ta tauna alhali ba a ba ta komi ba, na ce shi ne ake kira tuƙa, abin da ta haɗiye ɗazu take maidowa baki ta sake niƙawa don cikinta ɗaki huɗu gare shi. Sati guda suna bin juna suna tuƙa da bakin banza.

Na kuma gaya musu wagga jar akuya sunan garinsu take ɗauke da shi, akuyar Maradi ake ce mata har a ƙasashen waje saboda kyan fatarta da yawan haihuwar tagwaye, kuma tun 1963 akwai cibiyar da ke kula da irinta a garin nan. Ba su gane shekarun ba amma sun gane tasu ce.

Da muka koma aji na bar zancen maimaitawa baki ɗaya. Yanzu zama muke kan tabarma, ni in yi kukan dabba su faɗi sunanta da abin da take yi, zakara shina cara, doki shina haniniya, kare haushi, kaza kyarkyara in ta yi ƙwai, kuma ba ni karɓar kalma guda, sai yaro ya ce min inda ya ganta da wanda ke ba ta ruwa. In ya yi kuskure ba ni katse shi, sai dai in sake faɗin maganar daidai kamar hira muke. Sunan Faransanci daga baya nike kawowa, kuma na lura ya fi zama in yaron ya riga ya taɓa dabbar da hannunshi.

Hoton bango ma bai tahi a banza ba. Da na kawo na raƙumin dawa su da kansu suka ce ai wuyan raƙumi gare shi, na ce musu akwai su a ƙasarmu wajen Kure kusa da Yamai, har a 2018 an ɗauko takwas an kai Gadabeji cikin jaharmu ta Maradi, sai gardama ta kaure kan ko a wace irin mota aka sa su da wuyan nan.

Aikin gida ɗaya nike ba su, kowa ya tambayi kakarshi sunan dabba guda da ba mu faɗa ba. Jiya wani ya zo da taguwa, wata ta zo da karsana ta ce saniya ce da ba ta haihu ba tukun. Ran Litinin in Allah ya kai mu za mu koma gidan Hajiya, ta aiko cewa kazarta ta ƙyanƙyashe, ƴan tsaki na cikin akurki.