Na nemi alƙalanci da bakina

Ranar Juma'a bayan la'asar ina zaune ƙofar gida sai ga ɗan yayata ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, don Allah duba mini Turancin nan kafin in tura." Na ɗauka takardar neman aiki ce ko ta makaranta. Ashe sanarwar takara ce. Yaro yana neman kujerar alƙali a wani wasan siyasa na intanet, ya rubuta wa masu zaɓe cewa in suka ba shi ƙuri'a zai kawo ƙarshen masu cin amanar yankinsu, kuma babu maci amanar da zai shiga kotunsa ya fita lafiya. Na karanta sau biyu, gabana ya faɗi. Ba kalma ɗaya muka yi amfani da ita ba, amma alkawarin da na taɓa yi ne, a wasa iri ɗaya, ina da kusan shekarunsa.

Wanda bai san harkar ba zai ce mene ne abin faɗuwar gaba a wasa. Bari in yi bayani kaɗan. Wanda na yi sunansa NationStates, wani marubuci ɗan Ostireliya, Max Barry, ya buɗe shi a 2002. Kana ƙirƙirar ƙasarka, ka sa mata suna da tuta da take, ana kawo maka matsalolin mulki kana zaɓen hukunci. Ƙasashen suna zaune ne a yankuna, kuma akwai majalisar duniya wadda da farko sunan Majalisar Ɗinkin Duniya take ɗauke da shi, sai a 2008 ta ainihin ta nuna rashin amincewa aka sauya mata suna. Wasan kansa bai zo da kotu ba. 'Yan wasan ne suke zama a manyan yankuna su rubuta kundin tsarin mulki, su kafa majalisa da ministoci da sojoji da kotu. Wasu yankunan naɗa alƙalai suke yi, wasu kuma zaɓe. Namu na zaɓe ne, kujeru uku. Ba zan faɗi sunansa ba, don mutanensa ba su yi mini laifin komai ba.

Ina bautar ƙasa na shiga, daidai lokacin da hirar 'yan wasa ke komawa manhajar Discord. Garin da aka tura ni ban san kowa ba, wuta sai ta kwana biyu ba ta zo ba, kullum da yamma in kai waya wurin mai caji in biya, in sayi datar dare. A makarantar da nake koyarwa ba wanda ke tambayar ra'ayina a kan komai. A can kuwa in na rubuta layi biyar kan wata doka, sai ka ga mutum daga Jamus, wani daga Kanada, suna cewa maganata ta yi ma'ana. Duk wanda bai taɓa zama shi kaɗai a ɗakin haya a garin da ba nasu ba, ba zai san yadda wannan ke shiga rai ba. Ban faɗi haka don wanke kaina ba, haka abin yake.

Da aka buɗe takarar alƙalai na ga minista aiki ne da shi, ɗan majalisa surutu ne, amma alƙali girma ne da shi, ana sa masa laƙabi a gaban suna, in ya yi magana an gama. Abin da na gani ke nan. Kundin tsarin mulkin yankin ban taɓa karanta shi daga farko zuwa ƙarshe ba sai daren da za a yi wa 'yan takara tambayoyi. Dokar laifuffuka kuwa kanun sassanta kawai na bi. Abokiyar karawata wata ce da ta daɗe tana rubuta hukunce-hukunce, in an tambaye ta yadda za ta yanke shari'a kaza sai ta ce ba za ta iya faɗa ba sai ta ga hujja. Mutane suka ce ba ta da zafi. Ni kuwa na fito da zafi. A lokacin an jima ana kai wa yankunan ƙawayenmu mamaya, don a wasan akwai ƙungiyoyin da aikinsu ke nan, su taru su ƙwace yanki, ana kuma zargin akwai mai tsegunta musu sirrin sojojinmu daga ciki. Na hau kan wannan tsoron na zauna. Duk saƙon da na tura sai na ce kotu ta yi laushi, ni zan tsaurara.

Ana saura kwana biyu zaɓe ministan tsaro ya same ni a keɓe. Bai nemi komai ba, kuma wannan ne abin da na daɗe ina fakewa da shi. Ya ce yaransa na soja suna tare da ni, ya ji daɗi an samu mai fahimtar halin da ake ciki. Na ce ai muna tare. Shi ke nan. Na ci da ratar ƙuri'a huɗu, kuma na san daga inda suka fito, don ƙuri'ar a fili ake kaɗa ta, kowa da sunansa.

Ba jahilci ne ya kai ni ba. Tun a Islamiyya aka karantar da mu hadisin Abdurrahman bin Samura da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya hana shi roƙon shugabanci, domin wanda aka ba don ya roƙa ana barin sa da abinsa, wanda aka ba ba tare da roƙo ba ana taimakonsa. Na san wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa wanda aka naɗa alƙali an yanka shi ba da wuƙa ba. Na san Imamu Abu Hanifa ya ƙi karɓar alƙalanci daga halifa Mansur har aka tsare shi. Duk na sani. Sai na ce wa kaina ai waɗannan na alƙalancin gaske ne, wannan wasa ne, ƙasar ma babu ita.

Wata guda bai cika ba aka kawo ƙarar. Mai ƙara ma'aikatar tsaro, wanda ake ƙara wani yaro ɗan Filifin da ya fi ni daɗewa a yankin, shi ne ma yake tarbar sababbin shiga yana nuna musu yadda abubuwa suke, har ni ya taɓa yi wa. Hujjar hoton allo ce guda biyu na wata hira, an yanke sama an yanke ƙasa, ana ganin sunansa da wasu kalmomi da za su iya zama tsegumi, za su iya kuma zama wata magana daban. Dokarmu ta ce sai an tabbatar da ingancin irin wannan hujja, ta kuma ba alƙali damar ƙara wa wanda ake ƙara lokaci in ya kawo uzuri. Ta ce alƙalin da ke da alaƙa da wani ɓangare ya janye. Ni aka ba in jagoranci zaman. Na tuna daren sarai, fitilar caji ta kusa mutuwa, wayar ta yi zafi a hannuna, saƙonsa ya shigo yana cewa yana tsakiyar jarrabawa, a ba shi kwana uku ya nemo cikakkiyar hirar. A ƙasan nasa ga na ministan, kalma biyu kacal, yana tambaya ko komai lafiya.

Na hana shi kwana ukun. Na rubuta cewa tsaron yanki ba ya jira. Ɗaya alƙalin ya bi ni, na ukun ya ƙi, ya rubuta dalilinsa a sakin layi biyu waɗanda ban karanta ba sai bayan watanni. Aka ƙwace masa zama ɗan yanki aka kore shi. Washegari ya turo mini layi ɗaya: ya ce shi ma ni ya zaɓa. Na koma na duba jerin ƙuri'u, ga sunansa nan.

Har yau ban san ko ya aikata ba. Akwai ranakun da nake cewa watakila ya aikata, don bayan tafiyarsa tsegumin ya lafa na ɗan lokaci. Kuma ba ni kaɗai na yanke ba, mu biyu ne. Kuma yaro ne ni, ga kaɗaici, ga mutane sun zaɓe ni a kan wannan alkawarin, in na saɓa ai su ma na ci amanarsu. Ba a ɗaure shi ba, ba a ci shi tara ba, yankuna dubbai ne, ko'ina zai iya komawa. Duk wannan gaskiya ne. Amma ko ya aikata, ni ban san ya aikata ba lokacin da na sa hannu, kuma kwana uku ba su da tsada. Shekaru ya kwashe da waɗannan mutanen, a nan abokansa suke, watakila shi ma a wani ɗaki yake shi kaɗai kamar ni. Na nemi ƙasarsa daga baya in ba shi haƙuri, na tarar ta shuɗe, don wasan yana share ƙasar da aka daina shiga.

Daga baya ne na karanta labarin da ya nuna mini ba ƙuruciya kaɗai ba ce, tsarin zaɓen alƙali ne yake da wannan ramin. A Najeriya majalisar shari'a ta ƙasa ce ke ba da sunan alƙali a naɗa shi, amma jihohi da yawa a Amurka zaɓe suke yi. A jihar West Virginia an yanke wa wani kamfanin kwal hukuncin biyan diyyar dala miliyan 50 a 2002. A zaɓen 2004 shugaban kamfanin, Don Blankenship, ya kashe kusan dala miliyan 3 don Brent Benjamin ya shiga babbar kotun jihar. Da ɗaukaka ƙarar ta iso aka nemi Benjamin ya janye ya ƙi, aka soke diyyar da rinjayen 3 da 2. A 2009 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen 5 da 4, ta ce ya zama dole ya janye, ba don an kama shi da cin hanci ba, sai don haɗarin son kai ya yi yawa. Shi ma ba a nuna an roƙe shi komai ba. Ni ƙuri'a huɗu aka kashe a kaina.

Na so in rubuta muku shawarwari da yawa, har na jera su a takarda, amma da na duba yawancinsu ado ne. Kada ka nemi kujerar alƙali, ko ta wasa. In kana son suna nemi minista, nemi majalisa, can ne wurin alkawari da ɓangaranci. Na san za ku ce in masu tsoron Allah suka ƙi nema sai marasa tsoro su hau, kuma ba ni da amsa, don da matar nan da na kayar ba ta nema ba da ba wanda zai nuna mana yadda ake yi. To in ka nace sai ka nema, kada ka yi alkawarin hukunci. Faɗi dokar da ka karanta, faɗi yadda za ka saurari mutum, in an tambaye ka wa za ka kora ka ce sai ka ga hujja. Za ka iya faɗuwa. Faɗi ɗin. Duk kuma wanda ya tara maka ƙuri'a, ranar da sunansa ya fito a ƙara tashi ka bar kujerar, ko da ka rantse zuciyarka tsaf take. Tawa ma haka na ji ta a daren nan.

Abin da ke ƙona mini rai da ku yaran yanzu shi ne gaggawa. Ba ku karanta abin da ya wuce layi uku. Hoton allo ɗaya aka turo a WhatsApp kun gama yanke hukunci, kun tura wa mutum hamsin, ba mai tambayar me aka yanke a sama. Na tambayi ɗan yayata sashe nawa ne a dokar laifuffukan yankinsu, ya ce zai duba. Wanda zai hukunta mutane da ita ke nan. Na san ni ma kanun sassan tawa kawai na bi, ba na musu, amma ni ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini, ku kuwa ana faɗa muku kuna latsa waya.

Na ba shi labarin nan duka, abin da ban taɓa ba kowa a gidanmu ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Amma Kawu ai wasa ne." Na ce ya karanta mini layin maci amanar da babbar murya. Ya karanta, ya tsaya a tsakiya, ya goge shi. Sauran ya bari, ya ce zai tsaya takarar duk da haka. Na gyara masa Turancin, na ce kafin ya tura ya kawo mini kundin nasu mu karanta tare bayan isha'i. An yi isha'i, an rufe masallaci, bai zo ba. Na aika ƙanensa ya kira shi.