Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Jadawalin Matsayi

A makon jiya na tsaya ne a inda na yanke shawarar neman gurbin karatun injiniyancin jiragen sama da kumbo a Indiya, ƙasar da aikin mahaifina ya kai mu har na yi sakandare a cikinta. Baya ga lissafi da fiziks da ilimin sinadarai, babu abin da ya ci mini lokaci a watannin da suka biyo baya kamar nazarin matsayin waɗanda aka ɗauka a shekarun baya.

A can, yawan maki ba shi ne ke ba ɗalibi gurbi a cibiyoyin fasaha na IIT ba, sai dai matsayinsa a jerin waɗanda suka ci jarrabawar JEE Advanced. Ɗalibai fiye da miliyan ɗaya ne ke zana jarrabawar matakin farko, wato JEE Main, kowace shekara, sannan a tace kimanin 250,000 su wuce zuwa ta biyun, wato JEE Advanced, wadda ba a yarda mutum ya zauna mata fiye da sau biyu ba. Mu baƙi an ɗauke mana matakin farko, kuma guraben da ake ba mu ƙari ne a kan na 'yan ƙasa, amma tunda takardar tambayoyin ɗaya ce, da jadawalinsu nake auna kaina. Hukumar JoSAA, wadda ke raba guraben tun 2015, tana wallafa matsayin wanda aka fara ɗauka da na wanda aka rufe da shi a kowane kwas, zagaye bayan zagaye.

Cikin cibiyoyin IIT 23, na Bombay da Madras da Kanpur da Kharagpur ne suka yi fice a wannan kwas, sai kuma cibiyar kimiyya da fasahar sararin samaniya ta IIST da aka kafa a Thiruvananthapuram a 2007, wadda ita ma da sakamakon wannan jarrabawa take ɗaukar ɗalibai. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tazarar da ke tsakanin kwasa-kwasan. Ilimin kwamfuta a Bombay ana rufe shi tun kafin a kai na 100, alhali kwas ɗin jiragen sama sai an shiga dubbai, ba don ya fi sauƙi ba, sai don na sahun gaba suna bin inda aiki da albashi suka fi yawa.

Da na daɗe ina kallon jadawalin, sai na gane cewa ba kowane motsi ne ke da ma'ana ba. Kwas ne mai guraben da ba su wuce wasu gommai ba a kowace cibiya, saboda haka idan ɗalibai kaɗan suka sauya ra'ayi, sai matsayin rufewa ya matsa da ɗaruruwa. Haka kuma an ƙaro guraben mata a 2018, har suka kai kashi 20 cikin 100 a 2020, an kuma ware kashi 10 ga masu ƙaramin ƙarfi a 2019, don haka duk wanda ya gwama shekarun ba tare da ya raba rukunan ba, ya kama hanyar ruɗin kansa. A ganina, zagayen ƙarshe na rukuni ɗaya cikin shekaru da dama shi kaɗai ya cancanci a dogara da shi.

Lokacin da kumbon Chandrayaan-3 ya sauka a duniyar wata ranar 23 ga Agustan 2023, 'yan ajinmu suka tsorata cewa kowa zai yi rububin kwas ɗinmu. Mahaifina, wanda ya saba da tsarin maki, ya tambaye ni, "To kai nawa ake so ka ci?"

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, babu adadin da zan iya faɗa muku, domin ya danganta da abin da sauran suka ci da kuma abin da suka zaɓa."

Ya yi shiru, sannan ya ce in ci gaba da karatu, Allah Ya yi jagora. An sanya jarrabawar ranar 26 ga Mayun 2024, takardu biyu masu sa'o'i uku-uku a yini ɗaya, kuma daga nan zan ɗora a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.