Talata a duwatsun Luberon

Bayan sallar asuba muka bar Avignon ni da Yaya, muka nufi duwatsun Luberon a kudancin Faransa. Ba mu yi awa guda a hanya ba sai ga Gordes: gidajen dutse sun hau kan juna har ƙolin tsauni, tsohuwar fada da coci suna can sama. Yau ce ranar kasuwarsu, da ƙyar muka samu inda za mu ajiye mota. Na sayi zuma da cukun akuya, muka shiga lunguna.

Lungunan nan duk daɓen duwatsu ne, ga gangara, ga matakala. Ina haki na ce, "Yaya, me ya kai mutane gini a nan alhali ga fili shimfiɗe a ƙasa?" Ya ce, "Tsoro, ƙanwata. Daga nan kana hango mahari tun daga nesa. Kuma ƙasar noma kaɗan ce, ba mai ɓata ta da gini." Tsoron nasu yana da dalili. A 1545 sojoji sun karkashe mutanen Mérindol, wani ƙauye a wannan yankin, da na ƙauyukan kewaye saboda bambancin aƙida, a Agustan 1944 kuma sojojin Jamus sun rusa wani sashe na Gordes ɗin kanta.

Inda ya fi kama zuciyata shi ne ƙauyen Bories, ƙasa kaɗan da garin. Bukkokin dutse ne, ba siminti, ba laka, ba ko itace ɗaya a rufin. Duwatsun da manoma suka tsince daga gonakinsu suka jera, kowane layi ya ɗan leƙo ciki fiye da na ƙasansa, har bangayen suka haɗe a sama. Na sunkuya na shiga ɗaya, na zura yatsa tsakanin duwatsun, ko motsi ba su yi ba. Ga garken tumaki, ga murhun gasa burodi. Har cikin ƙarni na 19 ana zaune a ciki. Wallahi aikin talakawan nan ya fi fadar burge ni.

Mun leƙa Sénanque, gidan masu ibadar Kirista da aka kafa a 1148, har yau suna ciki suna noman lavanda, wani fure mai ƙamshi. Daga nan sai Roussillon, inda a da aka daɗe ana haƙar ƙasa mai launi ana yin fenti da ita. Ganin bangayen garin jawur ya tuna min tsofaffin gidajen cikin birnin Kano. Fararen takalmana dai sun rine.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai: tagogi da yawa a Gordes a rufe suke. Yaya ya ce attajirai ne daga Faris da ƙasashen waje suka saye gidajen, sai lokacin zafi suke zuwa, 'yan gari da dama kuwa tsada ta kore su zuwa ƙasa. Ban ji daɗin hakan ba ko kaɗan. Ya yi min alkawarin za mu dawo da hunturu in ga su wa ke kwana a garin, in Allah ya kai mu.