Godiya bayan saukar Alƙur'ani ta Baba Sarkin Noma

Assalamu alaikum. Mu 'ya'ya da jikokin marigayi Baba Sarkin Noma muna godiya ga duk wanda ya taka ƙafa ya zo saukar Alƙur'ani da addu'ar da aka yi masa ranar Asabar a gidan gado, nan Maradi. Malaman da suka raba izu sittin tun bayan asuba, Allah ya saka da alheri. Dangi na Tibiri da Madarunfa, da waɗanda suka tsallako daga Jibiya, Allah ya huta gajiya. Iyayenmu mata da suka kwana a bakin murhu, sannunku da hayaƙi.

Babbar godiya ga dattawan da suka zauna bayan la'asar suka warware wa samari yadda Baba yake noma. A tsohon gari aka haife shi, can cikin kwari, kafin ambaliyar Gulbi ta 1945 ta kora mutane zuwa tudu. Gandunsa na jigawa ne, ƙasa mai yashi, wadda ba ta yafe ganganci.

Bai cika son binne ba, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, domin yayyafi kan tsirar da iri, rana ta ƙone shi, a koma neman na sake shuka. Sai ruwa ya jiƙa ƙasa zurfin tafin hannu yake fita da sungumi, taku guda tsakanin rami da rami. Gero ya yi mako biyu zuwa uku a yi noman firi, a rage tsiro a bar uku a gindi. Wanda ya ji tausayi ya bar goma, kara zai samu, zangarniya kuwa kamar yatsa. Daga nan wake ya shiga tsakanin layi, sannan maimai. Ƙuduji da hannu yake tuge shi kafin ya yi fure, ya tara ya ƙone, don ƙwayarsa tana shekaru a ƙasa tana jiran gero. Gawo kuwa ko ƙarami ne ba a sa masa gatari: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, da rani shanun Fulani su kwanta ƙarƙashinsa su bar taki.

Iri tun a gona yake zaɓarsa, doguwar zangarniya mai cikar ido wadda tsutsar murzuna ba ta ci ba, a yanke da ƙululu a ɗaure daban. Dami ba ya shiga rumbu sai ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori, in ba haka ba fumfuna. Ƙafar rumbun bisa duwatsu, an zagaye da toka saboda gara.

Lokacin da gyaɗa ke kuɗi, kamfanin cinikin gyaɗa na Sonara yana saye, maƙwabta da yawa sun ba ta gona sukutum. Shi gefe guda ya yanka mata, wai ba a tuƙa tuwo da takardar kuɗi. Da farin 1973 ya zo, da yunwar 1984, tsohon geron rumbunsa ne ya riƙe gidan har da na maƙwabtan. Sarautar ma ba gadonta ya yi ba, dami dubu ya tara ya yi buki aka naɗa shi.

Samarin da suka yi gayyar yaɓen tsohon rumbun suka ɗora sabon jinka, Allah ya yi muku albarka. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Akwai sauran irin geronsa, za a ba kowane gida tiya guda kafin ruwan shuka. Masu kwanoni da tabarmin da aka aro kuma, suna zaure, a aiko yaro ya ɗauka.