Abin da gwajin PSA ke iya ɓoyewa

Duk wanda ya duƙufa kan karatun sankarar furostet, ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ba zai jima ba sai ya ci karo da furotin ɗin da ake kira AR. Shi ke karɓar sinadarin namiji, testosteron, ya kutsa cibiyar tantani, ya zauna a kan DNA, ya kunna ƙwayoyin gadon da ke sa tantanin ya rayu ya hayayyafa. Tun 1941 Charles Huggins na Jami'ar Shikago ya nuna cewa in aka cire 'ya'yan maraina, aka yanke wa cutar wannan sinadari, sai ta lafa, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1966. Yawancin magungunan yau a kan turbarsa suke tafe.

Darasin da ya fi zauna mini a rai shi ne, PSA, furotin ɗin da furostet ke fitarwa wanda ake aunawa a jini don bin sawun cutar, AR ne ke ba da umarnin a yi shi. Ke nan lambar da ke kan takardar gwaji labarin AR take bayarwa tukuna, kafin labarin cutar.

Sau da yawa labarin biyu kan zo ɗaya. In magani ya fara kasawa, sai ka tarar sankarar ta ƙara yawan AR, ko ta ƙera wani guntun AR mai suna AR-V7 wanda ba shi da gurbin da sinadarin ke zama, don haka kullum a kunne yake. A 2014 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka nuna cewa masu wannan guntun ba sa cin moriyar enzalutamide da abiraterone, magungunan da ke toshe wannan hanya ta AR, sosai. A nan PSA kan tashi, likita ya farga.

Ɗaya hanyar da sankarar ke bi ta kuɓuce wa magani ce ke tayar mini da hankali. Idan tantani ya rasa TP53 da RB1, ƙwayoyin gado masu taka masa burki, sai furotin irin su SOX2 su samu fili, su buɗe ƙwayoyin gadon da tantanin furostet ba shi da hurumin taɓawa. Sai ya rikiɗe, ya ɗauki kamannin tantanin jijiya, ya bar dogaro da AR gaba ɗaya. Ga takarda na nuna PSA a ƙasa, iyali na hamdala, ga kuma hoton hanta cike da tabo. Bawan Allah yana ramewa, lamba tana cewa lafiya lau.

Shi ya sa na daina karanta PSA ita kaɗai. In jikin mara lafiya da takardarsa suka saɓa, hoto ake ɗauka, a yanko ɗan nama a duba, domin in sankarar ta rikiɗe, maganin ma sauyawa yake, a koma kan magungunan kashe tantanin sankara irin su carboplatin da etoposide.