Ruwan da ke motsa kansa: yadda ake haɗa nematik mai motsi da inda yake lalacewa

Garken tsuntsayen jan-baki da ke sauka a gonakin gero babu mai ja musu gaba, kowane yana ƙona ƙarfinsa yana bin na kusa da shi. Wannan ne tushen fannin abubuwa masu motsa kansu a fiziks, tun lissafin da masanin fiziks Tamás Vicsek ya fitar a 1995. Sai dai tsuntsu ba ya shiga ƙarƙashin madubin ƙara girma, shi ya sa aikin ya koma kan haɗin furotin mai motsa kansa, wato nematik mai motsi, da ɗakin binciken Zvonimir Dogic ya bayyana a 2012 a Jami'ar Brandeis ta Amurka.

Kayan haɗin huɗu ne. Akwai maikurotubul, siraran sanduna masu kaurin nanomita 25 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), da ake ginawa daga furotin tubulin na ƙwaƙwalwar saniya. Akwai kainesin, ƙaramin injin furotin da ke takawa a kan sandar, nanomita 8 kowane taku, yana cin ATP guda, wato sinadarin da ke ba shi ƙarfi, a kowane taku. Ana ɗaure kainesin da yawa wuri guda da wani furotin mai suna sitireftabidin don ya kama sanduna biyu a lokaci ɗaya. Sai ATP ɗin kansa, sai sinadarin PEG, wanda ke matse sandunan su zama dami kamar na karan dawa. Idan sanduna biyu a cikin damin sun juya wa juna kai, injin sai ya zame su, damin ya riƙa tsawo. Aka sauke haɗin a kan iyakar ruwa da mai, sandunan suka jeru gefe ɗaya. Ruwan da sandunansa suka jeru haka shi ake kira nematik.

Jerin ba ya zama lafiya. Masana fiziks Simha da Ramaswamy a Bangalore ta Indiya sun nuna da lissafi tun 2002 cewa dole ya lanƙwashe. Yana lanƙwashewa sai ya karye, a wurin karayar kuma a haifi aibi biyu, wato ɗigon da jerin ya rikice, kowane da lambar da ke nuna yadda sandunan ke juyawa kewaye da shi: mai +1/2 mai kai da wutsiya, wanda ke tafiya da kansa, da mai -1/2 mai kusurwa uku, wanda ruwa kawai ke ja. Suna rabuwa, su haɗu da wasu, su shafe juna. A ganina duk wanda bai iya bin sawun waɗannan aibobi a hoton bidiyo ba, bai fara aikin ba tukuna, domin su ke tuƙa ruwan. A 2014 an naɗe haɗin a kan ƙwallon kitse, aka ga aibi huɗu masu +1/2 suna zagaye, jimillarsu +2 kamar yadda lissafin ƙwallo ya tilasta. A 2017 kuma aka gano cewa a shimfiɗar ƙwayoyin jiki, ƙwayoyin sun fi mutuwa su fice daidai inda +1/2 yake. Yanzu hankali ya karkata ga sarrafawa: kainesin da haske ke kunnawa, da ramukan da ke tilasta wa ruwan bin hanya ɗaya.

To ina yake lalacewa? Tsawon sanduna ne na farko. Ana daidaita su da sinadarin GMPCPP, mai hana su warwarewa, su tsaya wajen maikuromita ɗaya zuwa biyu (maikuromita nanomita dubu ne). Suka zarce, haɗin ya yi tauri ya ƙi gudana. PEG ya yi kaɗan, dami ba zai haɗu ba. ATP kuwa ƙarewa yake yi, don haka ana zuba sinadarin PEP da enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, su riƙa sabunta ATP ɗin, in ba haka ba motsin ya yi sanyi ana tsakiyar awo, a ɗauka wani sabon abu aka gano. Hasken madubin ma ɓarna yake yi: yana haɗuwa da iskar oksijin ya kashe furotin, dole a sa gulukos da enzayim masu shanye iskar. Gilashin da ake zuba haɗin a kai kuma in ba a shafe shi da sinadarin poliyakirilamaid ba, furotin ya manne masa. A ƙarshe a like bakin gilashin sosai, musamman lokacin hunturu, da iska ke busar da ɗigo nan da nan.

Ga ɗalibin fiziks a Katsina, ƙwaƙwalwar saniya ba ta da wuya, mayanka na nan, kuma ɗanya ake so. Matsalar sanyi ce. Tace tubulin na buƙatar a riƙa kai shi digiri 37 na Salshiyas ya haɗu, a mayar da shi digiri 4 ya warware, ana juya shi a injin tacewa mai tsananin gudu, sannan a adana a digiri 80 ƙasa da sifili. Firiza ta narke sau ɗaya, aikin ya tafi. Zafin Afrilu ma yana canza saurin kainesin, awon safe ya saɓa da na azahar in ba a riƙe zafin ɗakin ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙwayar bakteriya mai suna Bacillus subtilis. In ta yi cunkoso a cikin ɗigo, tana yin guguwa irin wadda nematik ɗin ke yi, kodayake ita tana da gaba da baya, lissafinta ya ɗan bambanta. Madubin ƙara girma na yau da kullum, kyamara, da manhajar auna hoto ta ImageJ ta kyauta sun isa a auna girman guguwar da yadda take mutuwa idan oksijin ya ƙare a tsakiyar ɗigon.