Yaron da nake bar wa gadin takalma

Shekara bakwai na yi ina koyar da wasannin motsa jiki a wata sakandare a Kano kafin Allah Ya nufe ni da zuwa Ingila ƙarin karatu. A tsawon shekarun nan akwai abin da nake yi duk ranar da muka fita fili, ban kuwa taɓa ɗaukar sa laifi ba. Akwai wani yaro a aji biyu da shan inna ya taɓa wa ƙafar hagu. Da mun fito sai in ce masa, "Kai zauna nan gindin darbejiya ka kula mana da takalma da jakunkuna." Sai ya ce, "To, Malam," ya jingine sandarsa ya zauna. Ni a zuciyata tausayi ne, kada a banke shi, kada ya faɗi in shiga uku da iyayensa.

Na sauka garin Loughborough a watan Satumba. Mutanen garin Lafbra suke cewa, a taƙaice, kamar an haɗiye rabin sunan. Ƙaramin gari ne, amma jami'arsa ta yi suna a duniya wajen nazarin wasanni, har da cibiya ta musamman da ke binciken wasannin naƙasassu. An gargaɗe ni a kan sanyi tun daga gida, don haka na zo da shirina. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne duhu. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma an yi magariba, kana idar da azahar la'asar ta kawo kai. Sai kuma shirun. Maƙwabcinka zai yi maka murmushi har ya riƙe maka ƙofa, amma ba zai tambaye ka ya iyali ba, balle ya gajiya. Ranar Asabar nakan hau jirgin ƙasa zuwa Lesta don sayen naman halal da attaruhu, amma gaskiyar magana ina zuwa ne don in ji ana yi mini sallama a kan titi.

Malamar da ke duba aikina ta ce in riƙa kiran ta da sunanta kai tsaye. Wata uku bakina ya ƙi. Mace ce da ta kusa haifa ta, ga ilimi, ya za a yi in kama sunanta gatsal? Ita ce ta fara ba ni wani bincike da Donna Goodwin da Jane Watkinson suka gudanar a Kanada, suka wallafa a shekarar 2000. Yara 'yan firamare masu naƙasa a jiki suka tambaya yadda suke ji da darasin motsa jiki, yaran kuma suka raba kwanakinsu gida biyu. Rana mai daɗi ita ce wadda aka yi wasa da su, aka ga abin da suka iya. Rana marar daɗi kuwa ita ce wadda aka ware su gefe, ko aka yi shakkar za su iya. Na karanta, na ce ai wannan matsalar Turawa ce, mu namu rashin kayan aiki ne.

Kafin a bar ni in shiga makarantar yara sai da aka binciki tarihina a hukumance, kwamitin ɗa'a na jami'a ya amince da tambayoyina ɗaya bayan ɗaya, iyaye suka sa hannu, yaran ma kowa aka nemi yardarsa. Da farko na ga kamar ɓata lokaci ne. Daga baya na gane hikimar, domin yaron da aka nemi izininsa kafin a tambaye shi, wani irin sakin jiki yake yi.

A wata firamare na zauna da wata yarinya 'yar shekara goma da ke kan keken guragu mai lantarki. Na tambaye ta me take yi a lokacin wasanni. Ta ce a tsohuwar makarantarta kullum agogo ake ba ta, ta riƙa duba wa masu gudu lokaci. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Malamin yana da kirki. Shi ya sa ban taɓa gaya masa ba na so ba." Na kashe na'urar ɗaukar murya na nemi izinin fita shan iska. A farfajiyar makarantar nan, cikin yayyafi, ba abin da nake gani sai darbejiya da tulin takalma.

Wato a nan Ingila ma, duk da dokar daidaito ta 2010 da ta wajabta wa makarantu yin gyara daidai gwargwado don ɗalibi mai naƙasa, ana yin abin da nake yi a Kano. Bambancin kawai, nasu agogo ne. Bincike da dama ya nuna malaman wasanni kansu suna kukan ba a horar da su sosai kan haka ba, kuma na gaskata su, don ni ma a kwalejin horon malamai ban tuna an yi mana darasi guda a kai ba.

Amma a makarantar da yarinyar take yanzu na ga yadda ake yi. Malamar wasanninsu tana bin wata hanya mai sauƙi da aka sani a nan, kafin kowane wasa ka duba abu huɗu da za ka iya sauyawa: fili, aikin da za a yi, kayan wasa, da yadda ka haɗa yaran. Ranar da na je ƙwallon raga za su yi. Ta sauko da ragar ƙasa, ta ce kowa a zaune zai buga, ta kawo wata ƙatuwar ƙwallo marar nauyi da ke jinkirin saukowa. Ta kuma sa doka, sai ƙwallo ta taɓa hannun mutum uku kafin ta haye. Shi ke nan. Ba abin da ta kashe wa kuɗin kirki. Yarinyar nan ta doki ƙwallo ta faɗa bayan abokan hamayya, ajin ya kaure da ihu, ita kuma tana ta buga hannun kekenta. Duk abin nan da akwai shi a filinmu na Kano, igiya da ƙwallon roba da ƙasa mai faɗi.

Zamana a garin bai daidaita ba sai da na shiga wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta masu keke. A wasannin cikin gida a nan ana barin mai lafiyar ƙafa ya hau keke ya buga tare da su. Keken wasa daban yake, tayoyinsa a karkace, da 'yar ƙaramar taya a baya don kada ka kifa, ana kuma ɗaure ka da maɗauri a cinya. Turi biyu kawai aka yarda ka yi kafin ka buga ƙwallo ƙasa ko ka miƙa ta, kwandon kuwa tsayinsa ɗaya da na kowa. Daren farko tafin hannuna ya yi bororo. Wani dattijo da ya rasa ƙafa a haɗarin babur ya kama hannuna ya nuna mini inda ake riƙe taya, ya naɗa mini filasta, ya ce Talata mai zuwa kada in makara. Shi ne mutum na farko a ƙasar nan da ya lura ranar da ban zo ba, har ya bugo waya.

Tsarin makinsu ya burge ni ƙwarai. Kowane ɗan wasa ana ba shi maki daga 1 zuwa 4.5 gwargwadon yadda yake iya sarrafa gangar jikinsa, kuma a gasar ƙasa da ƙasa mutum biyar da ke cikin fili kada jimillarsu ta wuce 14. Ka ga ke nan koci ba shi da damar tara masu ƙarfi kaɗai. Wanda naƙasarsa ta fi tsanani, da shi ake cin wasa.

Da 'yan ƙungiyar muka je asibitin Stoke Mandeville, inda gasar wasannin naƙasassu ta duniya ta samo asali. Likita Ludwig Guttmann, Bayahude da ya gudo daga Jamus a 1939, shi ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin a 1944. Ranar 29 ga Yuli 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan, ya shirya wa mutum 16 masu keke gasar harbin kwari da baka. Daga nan abin ya girma har aka yi gasar naƙasassu ta duniya a birnin Rum a 1960. Na daɗe tsaye gaban hotonsa ina tunanin shi ma baƙo ne a ƙasar nan, da harshensa mai nauyi.

A hanyar dawowa na ciro waya na nuna musu bidiyon ƙwallon guragu ta gida, wadda Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro. Matasa a kan 'yan alluna masu ƙananan tayoyi, silifa a hannu, suna tsere a kan siminti suna dukan ƙwallo da tafi. Motar ta yi tsit, sai tambayoyi. Wa ke ƙera allunan? Ya dokokin suke? Na ce masu walda da kafintocin unguwa, da yawansu ma shan innar ne ya taɓa su. Malamata da ta gani cewa ta yi ba ta taɓa cin karo da wasan a mujallun da take karantawa ba. Wannan ya dame ni. Yawancin abin da aka rubuta a fagen nan daga Turai da Amurka da Ostireliya ya fito, alhali Najeriya ta daɗe tana kwaso zinare a ɗaga nauyi na naƙasassu, ta kuma sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya a Janairun 2019. Nan take na sauya akalar bincikena ya haɗa da Kano.

Na roƙi wani tsohon abokin aikina ya nemo mini yaron nan. Ya same shi yana gyaran waya a kasuwar Farm Centre, har ya yi aure. Da na kira, na gaishe shi, na ce ina neman gafararsa kan zaman gindin darbejiya. Ya ce, "Haba Malam, wallahi ba komai, ya wuce." Na ce to da na tambaye ka a lokacin, me za ka ce kana so? Bai yi jinkiri ba. Ya ce, "Gola, Malam. Ai hannuwana lafiyarsu ƙalau." Ya ce yanzu ma duk Lahadi da safe shi ke tsare wa ƙungiyarsu raga a kan allo. Na tambaye shi ko zai yarda ya zama mutum na farko da zan yi hira da shi a binciken, na kuma karanta masa takardar neman izini da Hausa tun daga farko har ƙarshe. Ya ce ya yarda, amma in bari sai bayan isha'i, idan ya rufe shago.